Amsar Wasiƙunku: Me Ke Sa Sabon Titin Kwalta Ya Lotsa?

Yau dai maganar hanya ce ta cika jakar tamu, domin wasiƙu huɗu muka ware, kuma dukkansu a kan titi suke, sai dai kowa da gefen da abin ya taɓa shi.

Ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda ke lodi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce akwai titin da motocinsa ke bi, wanda aka yi shi sabo fil, amma ko damina uku bai cika ba sai ga kwari biyu sun fito a kansa, dogaye kamar kwarin kunya a gona, daidai inda tayoyi ke bi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne kwaltar ba ta ɓare ba, lotsawa kawai ta yi. Yana tambaya, shin 'yan kwangila ne suka rage kwalta? Kuma ashe babu yadda za a yi a san titi zai yi haka tun kafin a kashe kuɗi a kansa? Ta biyu kuwa daga wani manomi ce a karkarar Dikwa ta Jihar Barno. Shi kuma cewa ya yi wasu mutane sun zo da mota suna haƙa ramuka jefi-jefi a inda aka ce za a fitar da hanya, suna zuba ƙasar a buhu suna tafiya da ita, har magana ta bazu a ƙauye cewa man fetur ake nema a ɓoye. Ta uku ta wani direban babbar mota ce mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, wanda ke kukan sikelin da ake ɗora motarsa a kai. Ta huɗun gajeruwa ce, za mu zo kanta in lokaci ya ba mu dama.

To Alhaji, bari mu fara da kai, domin amsarka ita ce za ta buɗe ta sauran. Wannan baƙar kwalta da ido ke gani, ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake kira titi. A hanyoyi da yawa kaurinta bai wuce inci biyu zuwa huɗu ba, a ƙananan hanyoyi ma feshin kwalta ne kawai da tsakuwa a kai. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar dakakken dutse ko marmara mai kyau. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wata shimfiɗar ta jar ƙasa, irin wadda ka ga tifa na kwasowa daga kududdufin da 'yan kwangila ke haƙawa a gefen gari. Sa'an nan a can ƙasa sai ƙasar asali, watau ƙasar wurin da Allah ya ajiye ta, ko wadda aka ciko aka daɓe. Wannan ta ƙarshen ita ce ke goye da kowa. Kwalta riga ce, aikinta ta hana ruwa shiga, ta kuma ba taya wuri mai santsi. Nauyin motarka kuwa, komai daɗewa, a kan ƙasar asali yake sauka.

Me ya sa ake jera shimfiɗu haka? Wanda ya taɓa tafiya da raƙumi da jaki a cikin rairayi ya san amsa. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma tafin ƙafarsa faffaɗa ne, saboda haka ba ya nitsewa yadda kofaton jaki ke yi. To tayar mota kofaton jaki ce, domin duk nauyin nan a ɗan wurin da bai fi faifai ba yake taruwa. Aikin shimfiɗun shi ne su mai da kofaton jaki ya zama tafin raƙumi. Nauyin yana sauka yana bazuwa, kamar yadda tsibin hatsi yake da tsini a sama da faɗi a ƙasa, ta yadda kafin ya kai ga ƙasar asali ya rigaya ya watsu a wuri mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. In shimfiɗun suna da kauri da ƙwari, ƙasar asali kaɗan take ji. In sirara ne, sai ta sha nauyin kusan ɗanyensa. Lissafin yadda nauyi ke bazuwa a cikin ƙasa ba sabo ba ne, wani Bafaranshe masanin lissafi mai suna Businesk ya fitar da shi tun 1885, kuma har gobe injiniyoyi a kansa suke gini.

Irin wannan titi ana ce masa mai lanƙwasa, domin duk sa'ad da taya mai nauyi ta taka shi sai ya ɗan sunkuya, in ta wuce ya miƙe. Ido ba ya ganin wannan sunkuyawa, galibi ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba, amma akwai na'urar da ke auna ta. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba dukan sunkuyawar ke komawa ba. Kowane wucewa yakan bar ɗan abu kaɗan. Ku dubi katifar auduga. Daren farko ka kwanta ka tashi, ta koma yadda take. Bayan shekara biyu fa? Sai ka ga kwarin jikinka a tsakiyarta, kuma ba za ka iya nuna daren da ya yi kwarin ba. Haka ƙasar da ke ƙarƙashin titi take. Da yake direbobi duk layi guda suke bi, sai kwarin ya fito daidai sawun taya, na hagu da na dama.

Amma Alhaji, kada mu wanke 'yan kwangila tas, kada kuma mu yanke musu hukunci ba mu duba ba. Kwarin titi iri biyu ne, kuma kai da kanka kana iya rarrabe su in ka tsaya a gefen hanya lokacin da babu mota. Akwai siririn kwari mai zurfi, wanda kwaltar ta tattaru ta yi tudu a gefensa biyu, kamar an taka ɗanyen kwaɓi da ƙafa. Wannan laifin kwaltar ce ita kanta: ko an cika mata baƙin mai, ko tsakuwar da aka haɗa ba ta dace ba, sai zafin bazara ya tausasa ta, taya ta ture ta gefe. An fi ganin irinsa a hawan tudu, da shingen bincike, da mashigar gari, watau inda manyan motoci ke jan ciki ko tsayawa. Akwai kuma kwari mai faɗi, wanda ya lotsa a hankali kamar akushi, babu tudu a gefensa, sau da yawa da tsage-tsage a cikinsa irin na fatar kada. Wannan daga ƙasa ciwon yake. Ko da an kankare kwaltar an zuba sabuwa, kwarin zai dawo, domin an sauya riga ne an bar mai ciwo. Yadda ka kwatanta naka, ya fi kama da na biyun. In kana so ka san zurfinsa, ka sami miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 ka gitta shi a kan kwarin, ka auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. Masanan hanya na Ingila sun ɗauki milimita 10 a matsayin alamar a fara shirin gyara, milimita 20 kuwa, watau kusan inci guda, titi ya gaza ke nan. Kuma kada a raina wannan ɗan zurfi. Ran da aka yi ruwa kwarin kan cika, tayar ƙaramar mota mai gudu ta hau kan ruwan ta rabu da ƙasa, sitiyari ya daina jin magana. Mai babur kuwa da ya so fita daga kwarin, gefen kan kwashe masa taya.

Yanzu sai tambayarka ta biyu, ko ana iya sanin haka tun da wuri. Ana iyawa, kuma a nan ne za mu jawo Malam manomi na Dikwa cikin zancen. Malam, ka kwantar da hankalin mutanen ƙauyenku. Mai neman man fetur ba ramin da bai wuce tsayin mutum ba yake haƙawa. Waɗannan baƙi naku ƙasar suka zo tambaya, suna so ta gaya musu nauyin da za ta iya ɗauka. Yadda kai ba ka shuka gyaɗa a fadama ko shinkafa a jigawa, haka shi ma injiniya ba ya yanke kaurin titi sai ya san irin ƙasar da zai ɗora shi a kai.

Ga abin da ake yi da ƙasar da aka tafi da ita. A ɗakin gwaji za a tankaɗe ta a ga yawan tsakuwa da yashi da laka da ke ciki. Za a kwaɓa ta a murza, kamar yadda mai ginin tukunya ke gwada yumɓu, a ga yawan danƙonta. Sa'an nan a zo babban gwajin, wanda ma'aikatar hanyoyi ta Jihar Kalifoniya a Amurka ta ƙirƙiro wajen 1930, sojojin Amurka kuma suka ɗauke shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don gina filayen jirgin sama. Ana daɓe ƙasar a cikin wani gwangwanin ƙarfe, a tsoma shi a ruwa kwana 4 cur, sa'an nan a danna wata sandar ƙarfe mai faɗin kusan inci biyu a cikinta sannu a hankali, a auna ƙarfin da aka sa kafin ta shiga milimita 2 da rabi. Sai a gwada wannan ƙarfi da wanda dakakken dutse mai kyau ke bukata. Dutsen shi aka ba maki 100. Ƙasar da ta ci 30 ta isa shimfiɗar ƙasa, wadda za ta zauna dab da kwalta kuwa ana so ta kai 80. Baƙar laka in ta sha ruwa, da ƙyar take cin 2 ko 3.

Ku lura da maganar kwana huɗun nan a ruwa, domin a ganina duk hikimar gwajin a nan take. Ƙasa da rani maƙaryaciya ce. Lakar da za ta karya bakin fartanya a watan Maris, ita ce za ta haɗiye takalminka a watan Agusta. Saboda haka ba a tambayar ƙasa ƙarfinta a ranar da take jin daɗi, sai a ranar da ta fi shan wuya.

Kuma Malam, ƙasarku ta wajen Dikwa da Marte da Ngala tana cikin masu wuyar sha'ani a duk Nijeriya. Ita ce firgi, baƙar lakar nan da kuke dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Abin da ya sa ta yi wa masakwa daɗi, watau riƙe ruwa, shi ne ya sa ta zame wa titi masifa. In ta sha ruwa sai ta kumbura kamar waken da aka jiƙa, in ta bushe ta tsuke ta dare har hannu ya shiga. Akwai irinta a wajen Numan ta Jihar Adamawa da wasu sassan Jihar Gombe. In aka shimfiɗa titi a kanta, tsakiyar titin a rufe take, laimarta ba ta cika sauyawa ba, amma gefe biyun suna sha da damina suna bushewa da rani. Sai gefen ya riƙa tashi yana sauka kowace shekara, har dogayen tsaga su fito suna bin tsawon hanyar. Irin wannan titi yana iya lalacewa ko da mota ba ta cika bin sa ba. Maganinta sananne ne, sai dai da tsada: ko a kwashe ta a ciko da ƙasa mai kyau, ko a gauraya ta da ƙonanniyar farar ƙasa wadda ke kashe mata danƙo, a ɗaga hanyar sama, a kuma faɗaɗa kafaɗunta a rufe su don laima ta yi nesa da sawun taya. Don haka in ka ga sun dawo suna ƙara haƙa, ka yi musu sannu da aiki, ka kuma nuna musu inda ruwa ke kwanciya da inda ya tsaya a shekarar da aka yi babbar ambaliya. Wannan sani yana wurinku, ba ya cikin buhun da suka ɗauka.

Wataƙila kuma ka ga wasu da wata doguwar sandar ƙarfe mai tsini, suna ɗaga wani dunƙulen ƙarfe suna saki yana dukanta. Dunƙulen kilo 8 ne, kuma daga tsayi guda ake sakinsa kullum. Suna ƙirga yawan shigar sandar a kowane bugu. Inda ta yi zuruf, ƙasar ba ta da ƙarfi. Shi ma gwajin ne, na nan take.

Akwai abu guda da iyayenmu mata suka riga injiniyoyi sani, shi ne daɓe. Duk wadda ta taɓa daɓen ɗaki ta san busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, in kuma ruwa ya yi yawa sai ta zama taɓo tana gudun madaɓi. Akwai wata laima ta tsaka-tsaki wadda a ita ce ƙasa ke kamewa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Furokta shi ya mai da wannan ya zama gwaji mai lamba a 1933. Shi ya sa kuke ganin tankar ruwa tana yayyafi a gaba, injin daɓe yana bin ta a baya. Ƙa'ida ita ce a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar inci shida, a daɓe, a gwada, kafin a ƙara wata. Ɗan kwangilar da ya jibge ƙasa mai kaurin ƙafa biyu ya bi ta kai sau biyu da inji, saman ne kawai ya daɓu. Sauran daɓen motocinku ne za su ƙarasa shi bayan an buɗe hanya, kuma sunan wannan daɓe na baya kwari. To ka ji, Alhaji, in akwai inda ake cuta, ya fi yawa a nan, inda ido ba ya kaiwa, ba a kaurin kwalta kaɗai ba.

Sanin ƙasa rabin lissafi ne. Ɗaya rabin shi ne nauyin da zai bi ta kai, kuma ga mu mun iso gare ka, Malam direba. Ka ce kana biyan haraji kamar kowa, kuma ƙananan motoci sun fi ku yawa a hanya, don me ku kaɗai ake ɗorawa a sikeli? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa an saye ta da tsada. Daga 1958 zuwa 1960, a kusa da wani gari mai suna Ottawa a Jihar Ilinoi ta Amurka, an gina hanyoyi na gwaji masu zagaye, kowane yanki da irin kaurinsa. Aka sa sojoji suna tuƙa motoci masu nauyi daban-daban a kansu, suna zagayawa shekara biyu, har nauyi ya bi ta kan hanyoyin fiye da sau miliyan guda, masana kuma suna auna lalacewar kowane yanki. Abin da aka duba shi ne nauyin da ke kan kowane aksil, watau ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin hagu da na dama. Sai aka gano ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. In ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar ba sau biyu take ninkuwa ba, kusan sau 16 ne, watau biyu sau biyu sau biyu sau biyu.

Daga nan aka ɗauki aksil mai ɗauke da tan 8 da ɗan ɗoriya aka mai da shi mudun awo, kowace mota da shi ake auna ta. Ƙaramar mota mai kilo 800 a kan aksil, kashi ɗaya cikin goma ke nan na wannan mudu, saboda haka sai ta wuce kusan sau 10,000 kafin ta yi ɓarnar da aksil ɗinka guda ya yi a wucewa ɗaya. Ka ga dalilin da ya sa injiniya in yana ƙirga motoci don yanke kaurin titi, tasi da babur ko kallo ba su ishe shi ba. Kai yake ƙirgawa, da mai tanka, da mai tirela.

Bari mu yi lissafin a fili, da lambobin misali, yadda kowa zai bi. A ce an ƙirga an ga mudu 200 ne za su riƙa wucewa kowace rana, ana kuma so titin ya yi shekara 15. In ka buga 200 sau 365 sau 15, za ka sami miliyan guda da 'yan kai. Wannan shi ne guzurin titin, an yanke kaurinsa ne don ya ɗauki wannan adadi kafin kwarinsa ya kai inda muka faɗa. To sai masu kaya suka ce a ƙara buhu, kowane aksil da aka yi wa lissafin tan 8 ya koma ɗaukar tan 12. Ƙarin rabi ne kawai a ido. A wurin titi kuwa kowane wucewa ya zama biyar. Guzurin shekara 15 sai ya ƙare a shekara 3. Alhaji, damina nawa ka ce titin naka ya yi? Ban ce kai ne ba, amma ka duba wani abu in ka sake bi: a hanyar da ta fito daga kamfanin siminti ko wurin fasa dutse, hannun da motoci ke bi da kaya ya fi lotsawa a kan hannun da suke dawowa ba kaya, alhali ɗan kwangila guda ne ya yi su a rana guda.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, mai ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, in ba a cika ta ba babu riba. Gaskiya ne, ba na musu. Sai dai lissafin nan yana da wani gefe mai daɗi. Ba yawan kayan ne ke kashe titi ba, taruwarsu a kan aksil kaɗan ne. Kayan da aka raba wa mota biyu, kowace da daidai mudu, ɓarna biyu suka yi, in aka haɗa su a mota guda sun yi 16. Haka kuma tirela mai aksil shida ta fi mai huɗu sauƙi a kan hanya in kayansu ɗaya. Shi ya sa a 2005 ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, suka amince da dokar da ta tsayar da tan 11 da rabi a kan aksil guda. Sikelin da kake kuka da shi, Malam direba, wannan yake nema. In ana karɓar na goro a bar mai lodin wuce kima ya wuce, to wannan ɓarna ce dabam, kuma sifirin ɗinka da tayoyinka ne za su biya a cikin ramukan da za su biyo baya.

To da injiniya ya san makin ƙasa, ya kuma san yawan mudun da za su wuce, sai ya haɗa su. Gwajin Amurka a kan ƙasa iri guda aka yi shi, a wurin da ƙanƙara ke daskarar da ƙasa, don haka ba a kwafo shi kai tsaye. Cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila ta fitar da wani littafi musamman don ƙasashe masu zafi irin namu, tun 1962, aka kuma yi ta sabunta shi. A bugun 1993 an kasa ƙasa aji shida, motoci aji takwas. Ka nemo ajin ƙasarka, ka nemo ajin motocinka, inda suka haɗu a jadawali nan za ka ga kaurin kowace shimfiɗa. A yau kuma kwamfuta ake ba bayanin, ta lissafa ɗan matsuwar da saman ƙasar asali zai yi a ƙarƙashin taya guda, daga nan ta faɗi sau nawa zai jure. In adadin bai kai ba, a ƙara kauri a sake bugawa. Wani abin sha'awa shi ne, ɗan ragin da aka yi wa matsuwar yakan ƙara wa titi shekaru masu yawa, shi ya sa inci biyu na dutse da wani zai ga kamar ba komai ba ne, in aka zaftare su, rabin ran titin ana iya tafiya da shi.

Amma fa wannan hasashe ba duba ba ne, alkawari ne mai sharaɗi. Yana cewa in nauyi ya tsaya yadda aka ƙirga, in an daɓe yadda aka rubuta, in kuma ruwa bai kwanta a gindin hanya ba, to za ta kai shekara kaza. Ko a gwajin Ilinoi, yawancin lalacewar ta auku ne a lokacin da ƙanƙara ta narke ƙasa ta jiƙe sharkaf. Daminarmu ke nan. A nan kuwa manoma da mutanen gari suna da hannu dumu-dumu. An yi titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare, an yi masa lambatu a gefe, an sa kwalbati a ƙarƙashi don ruwan ya wuce. Sai wani ya ja kunyarsa har bakin kwalta ya cike lambatun. Wani ya zuba ƙasa ya yi wa amalankensa mahaya. Mai shago ya toshe na ƙofarsa, shara kuma ta cika kwalbati. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta, ya tsuma a hankali ya shiga ƙarƙashin titin, ƙasar da aka yi lissafi da ita a kan maki 10 ta koma 3. Ku duba da kyau, yawancin wuraren da titi ya fi mutuwa a cikin gari ne, daidai kasuwa ko tasha, ba a dokar daji ba. In mai unguwa ya tara matasa suka yashe kwalbati kafin ruwan farko, aikin yini guda ne. In kuma kuka ga tsaga ta fito a kwalta, ku kai magana ga ofishin ayyuka na ƙaramar hukuma, ko ga hukumar gyaran hanyoyin tarayya da aka kafa a 2002 in hanyar ta tarayya ce, tun tsagar ba ta sha damina ba, domin ta nan ruwa ke shiga daga sama.

Saura wasiƙa ta huɗu, ta wata Hajiya mai sayar da manja da ke sarowa daga kudu. Ta ji an ce tun 2023 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta karkata ga yin hanyoyi da kankare, shin shi ba ya lotsawa? Hajiya, kankare ba ya yin kwarin taya irin na kwalta, domin shi kamar faifan dutse yake, yana baza nauyi a wuri mai faɗi ƙwarai. Amma shi ma a kan ƙasa yake kwance. In ruwa ya shiga ta mahaɗinsa ya wanke abin da ke ƙarƙashi, sai ya zauna a kan iska, ran da babbar mota ta taka shi ya karye, gyaransa kuwa ya fi na kwalta wuya. Don haka ko da kankare za a yi, sai masu buhun nan na Malam manomi sun fara zuwa.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya a kan ajiyar wake da maganin ƙwari, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.